Aikin sulken hamata, ƙugu da wuya don mahayin gasar mashi

11 ga Janairu, 2025

Kayan faranti, wato kayan yaƙi na shafaffen ƙarfe da ake sawa a jiki, sun iso daga wajen maƙerin da ya ƙera su, an kuma gwada wa mahayin su a tsaye da kuma a kan sirdi. Ƙirar birnin Milan na Italiya ce ta wajen 1450 zuwa 1460, irin wadda maƙeran gidan Missaglia suka yi suna da ita: faranti masu santsi da kumburi, kafaɗar hagu babba mai ruɓi biyu, ta dama kuwa an yanke gabanta domin gindin mashi ya sami wurin shiga ƙarƙashin hannu. Namu aikin shi ne mu rufe inda faranti ba ya iya rufewa, wato duk wurin da gaɓa take lanƙwashewa: hamata biyu, cikin gwiwar hannu, wuya, da ƙasan ƙugu zuwa saman cinya.

Wanda ya saba ganin sulke a hawan Sallah a Kano, Katsina ko Zazzau, riga ce sukutum za ta zo masa a rai, daga kafaɗa har cinya. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigo da sulke da kwalkwali da lifidi ga Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, kuma a daidai wannan zamanin ne mahayan Turai suka fara rage tasu rigar, saboda faranti ya karɓe aikin ƙirji da baya da hannuwa. Italiyawa da dama sun ci gaba da sa cikakkiyar riga a ƙarƙashin faranti har cikin ƙarni na 15. A Ingila kuwa akwai wani rubutu na wajen 1450 da ya bayyana yadda ake shirya mayaƙi, kuma a cikinsa guntayen sulke ne ake ɗinkewa a jikin rigar ciki, a hamata da lanƙwasar hannu. Wannan tsarin muka ɗauka, don cikakkiyar riga tana kai kilo 8 zuwa 10, ga shi farantin ƙirjin nan an ƙera shi daf da jiki, babu sararin da zai ɗauki sulke ba tare da ya takura numfashi ba.

Tun yanzu a san iyakar abin da sulken nan zai yi. A gasar mashi mahaya biyu suna wuce juna hagu da hagu, shinge a tsakaninsu, kowa ya gitta mashinsa ta kan wuyan dokinsa yana neman garkuwar da ke kafaɗar hagun abokin karonsa. Gudun dawakan biyu idan an haɗa yakan kai kilomita 40 zuwa 50 a awa. Babu sulken da zai shanye wannan bugu. In kan mashi ya sauka kai tsaye a hamata, haƙarƙari zai karye ko da zobe ɗaya bai buɗe ba. Tare bugu aikin faranti ne da garkuwa da kuma ladabin mai riƙe da mashi. Abin da sulke yake tarewa shi ne sartse. Mashi in ya karye yakan bar baki mai tsini da yawa, kamar karan dawa da aka karya, tsagin kuma ya zame a kan faranti mai santsi har sai ya sami rami, ramin kuwa hamata ce ko wuya. Sarkin Faransa Henri na Biyu ya rasu a 1559 sanadin tsagin mashi da ya shige masa ta kwalkwali ya same shi a ido. Har yau wannan haɗarin bai canza ba, ko da mashi mai kan itacen balsa mai laushi ake wasa, balle mashin katako zalla mai kan ƙarfe.

25 ga Janairu

Zobba iri biyu ne: wanda aka haɗa bakinsa kawai, da wanda aka ɗora baki kan baki, aka huda, aka sa ƙusa. Na farko ya wadatar ga mai ado da zai tsaya a gefen fili. Ba ma sa shi a jikin wanda za a auna da mashi, domin tsini in ya shiga tsakiyar zobe buɗa shi yake yi, zoben da ba shi da ƙusa kuwa ba abin da ke riƙe bakinsa sai taurin waya.

Waya baƙin ƙarfe mai laushi muka saya. Wadda aka shafa wa tutiya ba ta cikin lissafi, don za a sa ta a wuta sau biyu kuma hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana cin mahuji, kuma ƙyallinsa bai yi kama da na zamanin ba. Alminiyam laushi gare shi, yana kuma baƙanta riga.

Girman zobba, ana auna faɗin ciki: na hamata milimita 7 da waya mai kaurin 1.1, na ƙugu milimita 8 da waya 1.2; na kwalar wuya milimita 6 da waya 1.2, don saƙar ta cushe har ta iya tsayawa da kanta. Mun saƙa gwaji na santimita 10 tsawo da 10 faɗi daga kowanne. Na milimita 7 ya ci zobba wajen 300, nauyinsa giram 67. Na milimita 8 ya ci wajen 220, giram 64. Abin lura, ƙananan zobba ba su ƙara nauyi sosai ba, lokaci suke ƙara ci, kuma suna rage ramin da sartse zai bi. Shi ya sa muka kai su inda haɗari ya fi yawa.

Da wannan awon, hamata biyu za su ci zobba kimanin 6,800, ƙugu 6,400, wuya 3,200. Jimla sama da 16,000 kaɗan, nauyi wajen kilo 4. Kowane zoben milimita 7 yana cin waya milimita 30, kilo ɗaya na wayar 1.1 kuwa mita 134 ne. Mun sayi kilo 6 gaba ɗaya, don abin da zai lalace da kuma na yin ƙusoshi.

8 ga Fabrairu

Ƙirar zobba ta kankama. Ga yadda ake bi, da inda abin yake ɓaci.

Ana naɗe waya a jikin sandar ƙarfe mai kaurin milimita 7, da hannu ake juyawa. Waya mai tauri takan ɗan warware in an sake ta, zoben ya fi yadda ake so faɗi, don haka a gasa ta tun tana ƙunshinta. Kullum gefe ɗaya ake juyawa. In yau an naɗa dama gobe hagu, bakin wasu zobban zai hau ta nan, na wasu ta can, saƙa ba za ta kwanta daidai ba kuma awartakin matse ƙusa ba zai kama su iri ɗaya ba.

Almakashin yankan an goge masa ɗan gurbi a baki, yadda zai tsallake ƙarshen waya ya yanke bayansa, zobe ya fito bakinsa ya riga ya hau juna da milimita 4. Ƙasa da 3.5 ba ya barin wurin huda. Sama da 5 ɓarnar waya ce, kuma haɗin yakan yi tsawo ya hana zobe juyawa cikin 'yan'uwansa.

Sai gashi na farko. Ana zuba zobba cikin gwangwani mai murfi tare da garin gawayi, a huda murfin ɗan ƙarami, a sa a wuta har gwangwanin ya yi ja, sannan a binne shi cikin toka ya kwana. Garin gawayi da murfi suna hana iska cin ƙarfen. Waɗanda aka gasa a buɗe ɓawo suke yi, ɓawon ya zube da kaurin waya, a ƙare da zobe siriri.

Daga nan dakewa. Waya biyu da suka hau juna kaurinsu milimita 2.2 ne, ana so su koma wajen 1, faɗinsu ya kai 2. Guduma in ta sauka a karkace, bakin sama zamewa yake yi ya faɗi gefen na ƙasa, zoben ya tashi daga aiki. Maganinsa sandar ƙarfe mai shafaffen ƙasa da ke motsi cikin bututu: a sa zobe a ƙasa, a bugi sandar, bugun ya sauka a miƙe kowane lokaci. Bugu biyu na guduma mai kilo ɗaya da rabi ya isa. Kada a mai da zobe falle-falle. Yawancin sulken kasuwa, wanda akasarinsa daga Indiya yake zuwa, a nan yake kasawa: an daka zoben duka har ya zama faifai, ga faɗi ba kauri, gefensa yana yankan zare da riga. Na tarihi da ke gidajen adana kayan yaƙi, haɗin ne ya fi bajewa, sauran jikin zoben da sauran kumburinsa.

Gashi na biyu shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa. Duka yana taurara ƙarfe, ƙarfe mai tauri kuwa tsagewa yake yi in an huda. Mun gwada don a gani da ido: cikin zobba 200 da aka huda ba gashi na biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku sun tsage daga ramin zuwa gefe. Cikin 200 da aka sake gasawa, waɗanda suka tsage ba su kai goma ba.

Huda ba cire nama ba ce. Mahujin mai baki kamar ƙaramar kurfi yana tsaga ƙarfen ya tura shi gaba, ya bar ɗan tudu a ɗaya fuskar. Wannan tudun ake so, shi ne zai rungumi kan ƙusa. A ƙarƙashi ana sa guntun jan ƙarfe mai laushi. Wanda ya yi amfani da injin huji ya cire naman wurin, ya rage ƙarfen haɗin da kansa.

Ƙusar mai kusurwa uku ce, irin wadda aka fi gani a sulken Jamus na ƙarni na 14 da 15, zamanin da Nuremberg take cibiyar wannan sana'a. Ana daka waya ta zama siririn falle mai kaurin rabin milimita, a yanka ta a karkace, sau ɗaya nan sau ɗaya can, kowace ƙusa tsawonta wajen milimita 2. Ana shigar da ita ta baya, tsininta ya ɓullo ta kan tudun, a matse da awartaki mai ɗan gurbi a baki ɗaya. Tsinin ya dunƙule ya zama ɗan kai, gindin ya shafe da jikin zobe. Kawunan duka waje suke kallo. Fuskar da ta shafe ita ce ke taɓa riga.

15 ga Fabrairu

Mahuji ne ke ba da wahala. Na ƙusar kankare da aka wasa yana da ƙarfi amma yana karyewa a baki. An gyara ta hanyar ɗumama shi bayan wasawa har ya yi launin ciyawa busasshiya, sannan a tsoma a mai. A riƙa taɓa bakinsa da kakin zuma duk bayan huda goma, kuma a zare shi a miƙe, kada a girgiza. Guda shida muke ajiyewa a wase, don kada aiki ya tsaya. Mutum ɗaya yana haɗa zobba 70 zuwa 80 a awa idan an riga an huda masa su.

8 ga Maris

Kafin a saƙa komai sai rigar ciki ta zauna, don ita ce ke ɗauke da faranti da sulke duka. An ɗinka ta da lilin mai kauri ruɓi biyu da shafi ɗaya a ciki, auduga kaɗan ce a kafaɗa da ƙugu kawai. Ba lifidi ba ce. Riga mai kumburi a ƙarƙashin faranti tana matse gaɓoɓi, tana kuma dafa mahayi.

Yankan hannunta shi ne komai. Dole hamatar rigar ta hau can sama ta manne da ta mutum, yadda in ya ɗaga hannu gindin rigar ba zai motsa ba. Rigar wani basaraken Faransa, Charles de Blois, ta ƙarni na 14 da ke gidan adana tufafi na Lyon ta nuna dabarar: ramin hannun yana da faɗi har ya shiga ƙirji da baya, an cike shi da guntaye masu kusurwa uku. Telanmu ya bi wannan yankan. Rigar da hamatarta ta sauko ƙasa, duk kyan sulken da aka ɗora mata, da an ɗaga hannu za ta ja ƙugu sama ta tafi da farantan cinya.

Awon sulke a jiki ake yinsa. Mahayin ya sa rigar da faranti duka, aka bi gefen kowane faranti da alli yana cikin yanayi huɗu: hannu a sake, hannu a sama, hannun dama ya matse mashi, hannun hagu riƙe da linzami. Layin da ya fi nisa shi ake ɗauka, a ƙara santimita 5 da za su shige ƙarƙashin faranti. Hamatar dama ta fi ta hagu buɗewa ta gaba da kusan santimita 6 saboda yankan kafaɗar nan, don haka guda biyun ba tagwaye ba ne, kowanne da nasa awon.

5 ga Afrilu

Sulken hamatar dama ya kammala, kuma nan ne ainihin aikin yake, don haka za mu daɗe a kai.

Saƙar ita ce wadda kowane zobe yake ratsa huɗu, biyu a sahun sama, biyu a sahun ƙasa. Sahu ɗaya ya karkata hagu, na biye da shi ya karkata dama. Tana miƙewa ta tsawon sahu, ta tsuke ta kuma buɗe, amma ta ɗaya wajen ba ta da sassauci ko kaɗan. A gangar jiki sahu a kwance yake, yana zagaye haƙarƙari, nauyinsa yana rufe ramukan kuma yana buɗewa in an ja numfashi. In aka juya shi a tsaye, zobba a buɗe za su rataya, iyakar faɗinsu, ramin da sartse yake nema ke nan.

A hannu, sahun gangar jiki ne ke zarcewa. Mutum ya miƙe hannunsa gefe, sahun da ya taso daga ƙirji ya bi tsawon hannu har gwiwa. Haka rigunan Turai na tarihi suke. Matsalar tana tsakiyar hamata: ɓangaren haƙarƙari ya zo da gefen sahu, wanda ya taso daga gaba zuwa baya, ɓangaren hannu kuwa ya zo da ƙarshen sahu-sahu. Sun haɗu a gicciye, tazararsu kuma ba ɗaya ba. A zoben milimita 7, tsakanin zobe da zobe cikin sahu wajen milimita 6.5 ne, tsakanin sahu da sahu kuwa wajen 5. In aka haɗa ɗaya da ɗaya, ɓangaren haƙarƙari zai tattare, haɗin ya yi tudu. Abin da ya kwanta lafiya shi ne ƙarshen sahu huɗu ga zobba uku na gefe. Tsawon haɗin santimita 11 ne, kuma bai kamata a iya lalubo shi da yatsa ba in an rufe ido.

Ba a sa ƙusa a haɗin nan sai an gwada. Da zobban jan ƙarfe marasa ƙusa ake fara haɗawa, a sa a jiki, a gyara, sannan a maye gurbinsu ɗaya bayan ɗaya. Jan ƙarfe ne don launinsa ya tona duk wanda aka manta. Zoben wucin gadi ɗaya da ya rage a hamata ya isa ya zama ƙofa.

Yawan sulken da ke cikin hamata shi ma awo ne mai tsanani. A gwajin farko hannu bai wuce daidai kafaɗa ba sai sulken ya ɗaure, ya fara jan riga. Aka ƙara sahu goma a ɓangaren haƙarƙari, hannu ya hau sama sarai, amma da aka sauke shi sai rarar ta dunƙule a cikin hamata. Ga mahayin mashi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gindin mashi a nan yake zama, hannu ya matse shi da gefen farantin ƙirji, yana hutawa a kan ƙugiyar da ke ƙirjin dama. Dunƙulen yana ture mashin waje, kansa ya riƙa yawo, kuma yana danna jijiya har yatsu su yi sanyi cikin minti goma. Mashin da kansa ke yawo haɗari ne ga wanda ke ɗaya gefen shinge da dokinsa. An dawo da ƙarin zuwa sahu shida, aka kuma mai da rarar baya, wajen allon kafaɗa, inda farantin kafaɗa yake da sarari. Yanzu hannu yana kaiwa kan kwalkwali, iyakar abin da mahayi yake bukata ke nan.

Daga hamata zuwa gwiwa hannu yana sirancewa, sulke ma dole ya bi. Tunda sahu ne ke bin tsawon hannu, rage sahu ake yi, kuma biyu-biyu, don in an cire ɗaya sai masu karkata gefe ɗaya su haɗu, saƙa ta ƙi. An rage sau uku, ba a wuri ɗaya ba. Ba mu yi cikakken hannu ba, cikin hannu kawai muka rufe. Kaurin saƙar ya kai milimita 3.5, in ta zagaye damtse duka za ta ƙara masa sama da santimita 2, farantin damtse ba zai rufu ba. A cikin gwiwa sulken ya shige farantin sangalin hannu da santimita 3 kawai. Fiye da haka ninkewa yake yi ya tsunkuli fata.

Nauyinsa giram 790, zobba 3,600 da 'yan kai.

26 ga Afrilu

Gwajin suka. An ɗora guntayen saƙa a kan lilin ruɓi uku bisa buhun yashi, aka soke su da karyayyen mashin katako, mutum ya taho da gudu ya saki nauyinsa. Wanda ba shi da ƙusa, waya ɗaya girma ɗaya, ya buɗe nan take, itacen ya shiga buhu. Mai ƙusa kuwa zobba uku sun lanƙwashe sun yi tsawo, babu wanda ya buɗe, tsinin itacen ne ya murƙushe. Guntu na uku da gangan aka sa masa ƙusoshin da ba a matse sosai ba, biyu suka fita. Ƙarfin mutum a ƙasa bai kai na doki ba, amma bambancin ya fito sarai, kuma ya nuna ƙusa sakakkiya da rashin ƙusa kusan ɗaya ne.

Saboda haka bincike ya zama doka. Ana shafa tsohon ƙyallen auduga a fuskokin biyu, duk inda ya maƙale akwai ƙusa mai tsini ko haɗin da ya buɗe. Sannan cikin kowane zobba ashirin a kama ɗaya da filaya biyu a ɗan murɗa. In haɗin ya motsa, a yanke zoben a sa sabo, a kuma duba maƙwabtansa.

Wajen ɗorawa a riga hanya biyu ce. Rubutun Ingila da muka ambata ɗinki ya ce. Wani zanen Moroni, mai zane ɗan Italiya, na shekarun 1550 da ke babban gidan zane na Landan kuwa ya nuna hannuwan sulke da aka ɗaure a riga da igiyoyi. Mun haɗa biyun: an ɗinke sulken a kan nasa ƙyallen lilin, aka bi gefe da siririn kirgi, sannan ƙyallen ne ake ɗaurewa a riga da igiyoyi takwas. Ta haka ana iya cirewa a wanke riga. Zaren lilin ne ruɓi biyu da aka shafa wa kakin zuma, yana ratsa kowane zoben gefe, ana ƙulli duk bayan santimita 5, don in ya tsinke a wuri ɗaya kada ya warware duka. A ɗinka hannu yana sama. Wanda aka ɗinka a shimfiɗe kan tebur, da an sa sai ya ɗaure.

17 ga Mayu

Hamatar hagu ta gama, giram 720. Sulken ƙugu ma ya haɗu: sama santimita 98, ƙasa 132, tsawo sahu 42. Faɗaɗawar da zoben ƙari ake yi, wanda yake ratsa zobe ɗaya a sama da biyu a ƙasa. Guda 45 aka sa, aka warwatsa su a gefuna da baya. In aka jera su a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, tudu suke yi da ake gani daga nesa. Yana rataye ne a ɗamarar fata mai faɗin santimita 5, nauyin ya sauka a ƙugu, ba a kafaɗa ba.

A tsaye ba shi da aibu. A kan sirdi labari ya canza. Bayan ya shige ƙarƙashin mazaunai, mahayi ya zauna a kan zobba, suka ci fatar sirdi cikin rabin awa, kuma duk lokacin da ya miƙe a kan likkafa sai sulken ya ja shi baya. An rage sahu goma sha biyu a baya, aka bi da lanƙwasa zuwa gefe. Gaba kuma ya taru a bayan farantin gaban sirdi, aka tsaga shi santimita 10 a tsakiya. Sirdin gasa dogon gaba gare shi, yana rufe wurin. Wanda zai yi wasan faɗa a ƙasa kada ya kwaikwayi wannan, shi doguwar rufaffiya yake bukata ko wandon sulke. Nauyi ya dawo kilo 1.7.

14 ga Yuni

Kwalar wuya ta saƙu. Zoben milimita 6 da waya 1.2 ba ya barin wurin awartaki, saurin aiki ya ragu da rabi, amma kwalar tana tsayawa ba a riƙe ba kuma basilla da ƙyar take ratsa ta. An yi ta santimita 6, sai ƙasan kwalkwalin ya hau kanta, mahayi ya kasa sunkuyar da kai. An cire sahu biyu ta gaba. A ciki lilin ruɓi huɗu ne, an naɗo shi ya rufe bakin sama don kada ya ci haɓa. Maɗauran biyu suna bayan kunnen dama, nesa da gefen da mashi ke zuwa. A bar wurin yatsa biyu tsakanin kwala da maƙogwaro, wuya yana kumbura in jini ya ɗumama.

Bayan atisayen yini guda cikin zafi, tsatsa ta fito a hamata biyu kafin gari ya waye. Gishirin gumi ne. An kwance su daga ƙyallensu, aka zuba cikin ƙaramar ganga da busasshen yashi, aka gangara ta na awa ɗaya, aka kakkaɓe, aka shafa man inji marar kauri da aka narka da ɗan kakin zuma, sannan aka goge har ƙyalle ya daina ɗaukar mai. Mai da yawa ƙura yake tarawa, ƙura da mai kuwa su ne ke cin zobba a inda suke gugar juna. Daga yanzu da an sauka daga doki za a kwance igiyoyin a shanya su daban da riga, a ajiye cikin jakar auduga, ba leda ba.

Saura ɓangaren da zai sauko daga kwala ya rufe saman ƙirji da kafaɗu, zobba wajen 1,300 ba a haɗa ba, sai sahu biyu na tagulla a gefe. An kuma ga wata ƙusar cikin farantin kafaɗar hagu tana kama sulke in an ja linzami da ƙarfi. Za a goge kanta a rufe da fata. Ba za a ɗinke sulken wuya da ƙyallensa ba sai an sake gwada shi a kan doki, kwalkwali a rufe, mashi a hannu, a farkon Yuli.